Fayawol tana neman kalmar sirri, ko kutse ne?

Malam in na fahimce ka, duk sanda fayawol, wato katangar tsaron da ke tace abin da ke shiga da fita ta intanet, ta tare wani haɗi da ke son shigowa kwamfutarka sai kawai akwati ya fito yana neman kalmar sirri, shi ne hankalinka ya tashi. Ni ma abin ya taɓa ɗaure min kai.

Gaskiya yawanci ba kutse ba ne. Barin manhaja ta karɓi haɗi daga waje canza dokar tsaro ne, kuma a Windows da Mac admin, wato mai cikakken iko da kwamfutar, shi ne ke da wannan ikon, to in ba da asusun admin ka shiga ba dole sai kwamfutar ta nemi fasuwod ɗin admin ɗin. A Mac kuma in manhajar ba ta da sa hannun masu ita, wato shaidar dijital da ke nuna wanda ya yi ta, ko sa hannun ya lalace, sai fayawol ta dinga tambaya duk buɗewa, goge manhajar ka sake sauko da ita daga shafinsu yakan magance.

Amma don Allah ka karanta sunan manhajar kafin ka rubuta komai, in ba ka san ta ba ka ƙi. A Windows akwatin gaskiya yakan dusar da sauran allon, wanda ya fito cikin burauza ko yake neman fasuwod ɗin imel na bogi ne. Kuma kar gajiya ta sa ka kashe fayawol ɗin gaba ɗaya, nan wasu ke yin kuskure.

In ka riga ka saka fasuwod a akwatin da kake zargi, canza shi daga wata na'urar, ka kai wa masanin kwamfuta ya duba.