Kwana a Kuseri, kasuwa a Njamena: shin sayen babur zai raba ni da wahalar hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da rumfar atamfa da yadi a babbar kasuwar Njamena, amma iyalina suna Kuseri saboda haya ta fi sauƙi a can. Kullum sai na hau abin hawa uku kafin in isa rumfa, haka kuma in zan dawo. Na gaji, ina son in sayi babur. Wani ya yi mini tayin na hannu wanda ya shigo daga Najeriya, da arha ƙwarai. Sai dai abokaina masu babur kullum kukansu tsayarwa a hanya. Don Allah wa ke da hurumin tsayar da ni, wace takarda zai nema, kuma shin sayen zai amfane ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya sa wa kasuwa albarka. Bari in fara da wanda ya fi gaggawa: wannan babur mai arha, kada ka biya kuɗinsa sai ka ga takardar duwan, wato kwastan, da idonka. Sauran bayanin duk a kan wannan zai hau.

Abin da ya sa kake hawa uku ba rashin tsari ba ne kawai. Kuseri da Njamena a ido gari ɗaya ne da ruwa ya raba, kuɗinsu ɗaya, agogonsu ɗaya, amma a takarda ƙasa biyu ce, Kuseri a Kamaru, Njamena a Chadi, kuma izinin ɗaukar fasinja na kowace ƙasa a bakin iyakarta yake ƙarewa. Shi ya sa wanda ya ɗauko ka daga unguwa yake sauke ka kusa da gadar Ngeli, ka ƙetare kogin Logon, sannan ka nemi wata motar. Gadar nan tun 1985 take aiki, kuma ba don ku masu zuwa kasuwa kaɗai ba: a nan ne doguwar hanyar da ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Duwala take shiga babban birnin Chadi, ƙasar da ba ta da teku. Kai da ƙunshin atamfarka da tirelar siminti ƙofa ɗaya kuke nema.

Kuma ƙetare Logon bai kai ka gari ba. Unguwannin Ngeli da Waliya suna tsakanin kogi biyu ne, sai ka sake haye Shari, ko ta tsohuwar gadar Shagwa ko ta gada mai hannu biyu, kafin ka shiga ainihin birni. Duk mutanen gunduma ta 9, da ɗaliban da ke zuwa jami'a a Tukra, da masu fitowa daga Kundul, a waɗannan gadoji suke haɗuwa safe da yamma. Babu wata bas ta hukuma mai jadawali da mutum zai ɗora lokacinsa a kanta. Abin da ke ɗauke da garin shi ne ƙananan bas na 'yan kasuwa, tasi masu launin rawaya, da 'yan kilando, wato masu ɗaukar fasinja a babur. Ka san yadda bas ɗin take: yaron mota rataye a ƙofa yana buga gefenta da tafin hannu yana kiran Dembe ko babbar kasuwa, direba ya kunna inji yana ɗan motsawa kamar zai tashi, alhali ba inda za shi sai kujerar ƙarshe ta cika. A nan yawancin lokacinka yake tafiya, ba a kan kwalta ba. Don haka sha'awar babur tana da hujja, ban ga laifinka ba.

To, masu tsayarwa. Ƙasashen biyu tsarin Faransa suka gada, inda aka raba aikin tsakanin 'yan sanda da jandarma. A dunƙule, 'yan sanda su ne na cikin gari: mahaɗar hanyoyi, shataletale, bakin kasuwa. Jandarma sojoji ne da aka ba aikin kiyaye doka, su ka fi gani a manyan hanyoyi da wajen gari. A Kamaru jandarma suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, 'yan sanda kuwa ƙarƙashin hukumar DGSN da ke amsa wa fadar shugaban ƙasa. Dukansu biyu suna da ikon su tsayar da kai su nemi takardunka da na abin hawa. A bakin gada akwai 'yan sandan iyaka, su mutum suke dubawa, wato katin ɗan ƙasa ko fasfo. Akwai kuma duwan, su kaya suke dubawa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a idon ɗan duwan babur ɗin kansa kaya ne. Sojojin da za ka gani a wasu shingaye, kamar na BIR, rundunar kai ɗaukin gaggawa, a ɓangaren Kamaru, tsaro ne ya ajiye su: wa kake, ina za ka, me ke cikin buhu.

Idan ka san wannan rabon, rabin tsoron ya tafi, domin za ka gane wace tambaya ce ta wa, kuma wace takarda za ka miƙa ba tare da ka zazzage dukan aljihunka ba.

Takardun kuwa ba su da yawa kamar yadda ake zuzutawa. Ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya da Kamaru da Chadi ke ciki, sun amince da dokar hanya ta bai ɗaya tun 2001, saboda haka abin da ake nema a gaɓar nan kusan shi ake nema a waccan. Na farko farmi, wato lasisin tuƙi, na rukunin A, wanda shi ne na babur. Wanda ke da farmin mota kaɗai bai cika sharaɗi ba, kuma nan ake kama mutane da yawa. Sai kart giriz, wato takardar rajistar abin hawa, da sunanka, da lamba a manne a babur. Idan a Kuseri ka yi rajista, ma'aikatar sufuri ta Kamaru ce za ta ba ka, lambar kuma za ta fara da EN, alamar yankin Arewa Mai Nisa. Idan a Njamena ne, hukumar ANATS ce ke fitar da kart giriz da farmi da katin ɗan ƙasa. Sai inshora, kuma a nan ka buɗe kunne: ka tabbata an haɗa maka da katin nan mai ruwan hoda na CEMAC, kart roz. Shi ne ke sa inshorar da ka yanka a ƙasa ɗaya ta tsaya maka idan ka buge wani a ɗaya ƙasar. Mai ƙetare gada kullum ba shi da takardar da ta fi wannan amfani, Allah Ya kiyaye tsautsayi. Sannan hular kwano. Na san tarihinta a Njamena ba daɗi, don a watan Maris na 2015 da aka tilasta ta, farashinta ya tashi, ɗalibai suka fito zanga-zanga har aka rasa rai. Amma ni ko babu ɗan sanda a gari zan ce ka sa ta. Hanyar Waliya tireloli ke bi.

Yanzu mu koma kan babur ɗin tayi. Babura da yawa suna shigowa daga Najeriya ta hanyoyin da man zuwa-zuwa, wato fetur na fasa-ƙwauri, yake bi, ba su taɓa tsayawa gaban duwan ba. Arharsu daga nan take. Irin wannan babur ba a yi masa kart giriz ta gaskiya, domin rajista tana buƙatar shaidar an biya kuɗin shigo da shi. A cikin lungunan unguwa za ka iya shekara kana hawa ba wanda ya kula. Amma kai ba lungu za ka bi ba, iyakar ƙasa za ka ƙetare safe da yamma, gaban mutanen da aikinsu ke nan. Kafin ka biya ko dala, ka sa mai sayarwa ya jingine babur ɗin a rana, ka durƙusa ka goge wuyan firam da tsumma, ka karanta lambar da aka buga a ƙarfen harafi bayan harafi, ka gwada da wadda ke takardar duwan da kart giriz. Idan wurin ya yi sumul kamar an goga shi da fayil, ko an shafa sabon fenti a nan kaɗai, ka yi masa sallama ka tafi. Idan komai ya daidaita, ku rubuta takardar ciniki a buga mata hatimi a ofishin hukuma, sannan ka mayar da kart giriz sunanka. Arha ba ta ado, in ji Hausawa, balle a kan gada.

Game da kukan abokanka, ba zan ce maka kowace tsayarwa bisa ƙa'ida take ba. Kowa ya san ana karɓar na goro a hanyoyinmu, direbobin manyan motoci na hanyar Duwala sun daɗe suna kuka da yawan shingaye. Amma a lura da abu ɗaya: wanda takardarsa ke da giɓi shi ne abokin ciniki na kullum, domin shi ke roƙo a rufa masa asiri. Wanda takardunsa suka cika yana iya tsayawa da ladabi. Ka kashe inji, ka cire hula, ka yi gaisuwa, ka miƙa abin da aka nema. Idan an ce ka yi laifi, ka tambayi wane laifi, ka nemi a rubuta, ka ce za ka biya a ba ka rasit. Tara ta gaskiya tana da rasit. Idan za a riƙe takardarka, ka nemi shaidar riƙewa a rubuce, da sunan ofishin da za ka je karɓa. Idan babur ɗin aka tafi da shi wurin ajiyar ababen hawan da aka kama, kada ka bari ya kwana da yawa, kuɗin ajiya yana ƙaruwa da kwanaki. Ka kuma yi kwafin kowace takarda, a buga mata hatimin hukuma, ka ajiye a gida. Gardama da ɗaga murya a shinge ba ta taɓa rage wa kowa lokaci ba.

Shin sayen zai amfane ka? A ganina e, amma da sharaɗi biyu. Na farko ka riga ka ji shi, takardu cikakku da sunanka. Na biyu, kada ka ɗauka gadar a buɗe take gare ka kowane lokaci. Ana rufe ta da dare, kuma dokar ƙetarewa tana sauyawa da yanayin tsaro. Bayan hare-haren da aka kai hedikwatar 'yan sanda da makarantar horar da su a Njamena ranar 15 ga Yuni 2015, da wanda ya biyo baya a babbar kasuwarku a watan Yuli, an tsananta bincike ƙwarai, kuma babur na cikin abin da aka fi sa wa ido a gaɓoɓin biyu. A 2020 korona ta sa aka rufe iyakar ga matafiya na dogon lokaci. Ga kuma ruwa: ambaliyar 2022 ta cinye unguwanni a Waliya da kuma Kuseri. Saboda haka, kafin ka saya, ka je ofishin duwan da na 'yan sandan iyaka a gadar da ƙafarka, ka tambayi abin da ake nema yau ga babur mai lambar ɗaya ƙasar da ke shiga da fita kullum. Kada ka dogara da labarin majalisa.

Akwai wata dabara da wasu 'yan kasuwa suke yi wadda ta fi kwanta mini: su yi wa babur rajista a Chadi, su riƙa ajiye shi wurin amintacce a ɓangaren Ngeli, su ƙetare gadar ba tare da shi ba. Doguwar tafiyar da cunkoson duk a ɓangaren Njamena suke, don haka a can babur ya fi aiki. Ka lissafa kuɗin ajiya da mai da gyara a wata, ka gwada da abin da bas da kilando suke ci maka.

Ranar da za ka ɗauko dilar atamfa kuwa, ka bar babur ka hau mota, ka bi ta duwan da takardar kayanka. Kuma kada ka fara ɗaukar mutane don kuɗi a hanyar dawowa, ko da maƙwabta ne suka roƙa. Da zarar ka karɓi kuɗi ka zama ɗan kilando, shi kuma yana da nasa sharuɗɗan: a Kamaru dokar firayim minista ta Disamba 2008 ta ɗora masa lasisin sufuri, rajista a ƙaramar hukuma da rigar shaida, kuma inshorar hawan kai ba ita ce ta ɗaukar fasinja ba.