Ku Tambaya Mu Amsa: In sayi jita mai tsada ko in gyara ta hannuna?

Tambaya: Barkanku da aiki. Na daɗe ina kaɗa Yamaha F310. Yanzu yatsuna na ciwo, in na hau can saman wuya sai muryar ta kauce, sautin ma duk ya daina gamsar da ni. Na tara 'yan kuɗi, abokai kuma sun dame ni wai in sayi Taylor ko Martin. Kwalliya za ta biya kuɗin sabulu kuwa? Daga wani mai karatu, Yalwa, Bauchi.

Amsa: Ɗan'uwa, ƙorafi uku ka kawo, biyu daga ciki matsalar saiti ce, kuma jita mai tsada ma tana iya zuwa da su. Kafin ka taɓa kuɗinka, nemi rula mai milimita. Ka ƙirga ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita har zuwa na 12, ka auna daga saman ƙarfen zuwa ƙasan tsirkiya. A babbar tsirkiya ana son kamar milimita 2.5, a siririyar kuma kamar 2. In ka ga 3.5 ko fiye, to ka gano mai cizon yatsunka. Shi ne kuma ke kautar da murya, domin kafin tsirkiya ta kai ƙarfe ka riga ka ja ta, ta ƙara tauri, sautin ya haura.

Sai wuya. Ka danne babbar tsirkiya a ƙarfe na 1 da na 14 lokaci guda, ka duba tazarar da ta rage a kan na 7. Kada ta wuce kaurin katin waya, wato wajen milimita 0.25. In ta fi haka, wuyan ya lanƙwashe, sai a ɗaure sandar ƙarfen da ke cikinsa da alanki. A sassauta tsirkiyoyi tukuna, a juya kwata kawai, a saita murya, a bar ta ta kwana sannan a sake aunawa. In sandar ta cije kada a matsa mata, karyewarta babbar asara ce. Idan wuya ya miƙe amma har yanzu tsirkiya na sama, a cire farin ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a kan jaki, wato katakon da aka manne a fuskar jita inda tsirkiyoyi ke ɗaure, a goga ƙasansa da samfefa a kan gilashi mai lebur. Lissafinsa biyu da ɗaya ne: in ana son rage rabin milimita a ƙarfe na 12, milimita 1 za a cire daga ƙashin. Daga nan ka sa sababbin tsirkiyoyi masu lamba 11-52, waɗanda suka fi siranta, maimakon 12-53. Tsohuwar tsirkiya da ta sha gumi da ƙura ba ta da amo ko a kan wace jita aka ɗaura ta.

To in an yi duk wannan sautin bai cika maka kunne ba, nan ne maganar sabuwa ta taso, kuma muna goyon bayanka. Yawancin sautin jita daga fuskarta yake fitowa. Fuskar F310 siraran katako ne da aka manne hawa-hawa kamar filawud, gam ɗin da ke tsakani na rage mata motsi. Babban ci gaban da kunne ke ji shi ne a tashi daga wannan a koma fuskar katako zalla, irin ta Yamaha FG800 ko Taylor GS Mini. Daga nan zuwa jita irin Martin D-28, wadda fuska da baya da gefe duk katako zalla ne, akwai ƙarin daɗi, ba ma musun haka, amma kuɗin ya ninka sau da yawa, ƙarin kuwa bai ninka haka ba. Gane su ba wuya: ka leƙa gefen ramin sauti da fitilar waya. In zanen katakon ya gangara daga sama har ƙasan kaurinsa, zalla ne. In ka ga layi-layi a kwance, manne ne. A takardar kamfani kuma, in ba a rubuta kalmar "solid" a gaban sunan katakon ba, ka ɗauka manne ne.

Abin da ya fi damunmu game da kai shi ne hunturun Bauchi. Kamfanonin Taylor da Martin suna son jitarsu ta zauna a danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A nan kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu danshin kan faɗi ƙasa da kashi 20. Katako zalla yana fitar da ruwan jikinsa ya tsuke, tsirkiyoyi kuma suna jansa da nauyin da ya kai kilo 70. Alamar farko, bakin ƙarafan wuya zai fara kartar hannunka, domin katakon ya janye ya bar su a waje. Sai fuska ta lotsa, tsirkiya ta fara zuza a kan ƙarafa. Ƙarshenta tsaga, galibi daga bayan jaki zuwa gindi, tana bin zanen katako. A watan Agusta kuma akasin haka: fuska ta kumbura, tsirkiya ta yi sama. Ita mai manne-manne ta fi jure wannan juyin, shi ya sa tsohuwarka ke nan da ranta.

Don haka duk wanda zai sayi katako zalla a Bauchi ko Gombe, ya sa kuɗin akwati mai tauri da 'yar na'urar auna danshi cikin lissafi tun farko. Da hunturu a jiƙa soson katifa da ruwa mai tsabta, a matse har ya daina ɗiga, a sa shi cikin kwanon sabulu na roba da aka huda, a ajiye wajen kan jita cikin akwati, a rufe. A duba shi duk bayan kwana biyu ko uku. Kada ruwa ya taɓa katako. Kada a rataye ta a bango, kada kuma a bar ta a but ɗin mota da rana, zafin na sassauta gam ɗin jaki.

Shawararmu: ka sayi mai fuskar katako zalla da baya da gefe na manne, ka sayi akwati, ka riƙe F310 don fita biki da koyar da yara. In ka fitar da hunturu biyu sabuwar ba ta tsage ba, to hannunka ya isa riƙe Martin.

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani ya kawo mini Martin ta hannu daga Legas, kuɗinta ƙasa sosai. Me zan duba? Daga wani mai ɗakin ɗaukar waƙa, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Araha irin wannan abin tsoro ce, jabu sun cika kasuwa. Martin a Amurka da Meziko ake ƙera ta, haka ma Taylor, saboda haka duk wadda aka rubuta mata wata ƙasa ka ajiye ta. Ka haska cikin ramin sauti, wajen da wuya ya haɗu da jiki, a nan Martin ke buga lambar jita da samfurinta a jikin katako. Ka duba lambar a shafin kamfanin na intanet ka ga ko shekarar ta dace da abin da mai sayarwa ya faɗa.

In ta asali ce, saura lafiyarta. Ɗora doguwar rula a kan ƙarafan wuya ka tura ta zuwa jaki. Ya kamata bakinta ya sauka daidai saman katakon jaki. In ta doki gefensa can ƙasa, wuyan ya faɗo gaba, gyaransa sai an cire shi ɗungurungum, masu iya wannan aikin kuwa ba su da yawa a yankinmu. Ka duba ƙashin: in an goge shi har ya kusa nitsewa amma tsirkiya na sama, ciwon ke nan ake ɓoyewa. Ka tura takarda ƙarƙashin bayan jaki, in ta shige ya fara ɗagowa. Sannan ka ƙwanƙwasa fuska da baya a hankali da yatsa, in ka ji karkarwa wani katakon tallafi na ciki ya saki.

Tambaya: Gaisuwa mai yawa. A coci nake kaɗawa, kullum ta lasifika. Mai tsada za ta fi fita? Daga wata 'yar'uwa, Billiri.

Amsa: Ba sosai ba, 'yar'uwa. Na'urar ɗaukar sauti da ke ƙarƙashin ƙashi motsin tsirkiya ta fi ji, daɗin katakon kaɗan ne ke kaiwa lasifika. Jita mai saurin motsi ma ta fi saurin yin kuka in an ƙara murya. Ki sa kuɗinki a na'ura mai kyau da wayar jonawa mai kyau da murfin roba na rufe ramin sauti. Ki tabbata ƙasan ƙashin lebur yake, in ba haka ba wata tsirkiya za ta fi wata ƙara. Yawancin na'urorin batir mai bolt 9 suke ci, kuma muddin waya na jone yana ci gaba da zuƙewa, don haka ki zare ta da an tashi sujada, ki riƙa ajiye sabon batir a akwati.