Tsaga lissafi gida biyu ko cike murabba'i: wacce zan riƙe?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce daga unguwar Birni, nan Damagaram. An koya mana hanya biyu ta warware lissafi mai x²: tsaga shi gida biyu cikin baka, da cike murabba'i. Ta farkon takan ƙi mini, in yi ta neman lambobi har lokaci ya ƙure. Ina nake kuskure?

Amsa: 'Yata, sau da yawa ba kuskurenki ba ne. Tsagawa lalube ce, tana ci ne in lambobin sun yi daɗin hali.

Ɗauki fili da tsawonsa ya ɗara faɗinsa da mita 4, girmansa duka mita murabba'i 96. Faɗin shi ne x, tsawon x + 4, in an buga su da juna 96 ne, sai ki samu x² + 4x − 96 = 0. Nemi lamba biyu da in an buga su da juna su ba da −96, in an tara su su ba da 4. Ga 12 da −8. Shi ke nan, (x + 12)(x − 8) = 0. Abu biyu ba sa haifar da sifili in an buga su sai ɗayansu sifili ne, don haka x ko 8 ne ko −12. Ba a taɓa auna fili da −12 ba, faɗi 8 ke nan, tsawo 12.

To, mayar da 96 ɗin 90, ki ga ikon Allah. Ko kwana za ki yi, ba cikakkun lambobin da za su shiga. Na kan ce wa ɗalibaina in an yi minti ɗaya ana lalube ba a dace ba, a canza hanya.

Cike murabba'i ba ya jiran sa'a. Al-Khawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza wajen shekarar 820 kuma daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabra, ya yi misali da x² + 10x = 39. Sami tsinke ki zana shi a ƙasa cikin tsakar gida. Zana ɗaki mai kusurwa huɗu, kowane gefe x. Raba 10 gida biyu, 5 ke nan. Jingina zirin 5 a gabas, wani zirin 5 a kudu, kowanne tsawonsa x. Duba kusurwar da ke tsakaninsu: akwai giɓi, 5 sau 5, wato 25. Cike shi. Amma abin da kika ƙara hagu dole ki ƙara dama, a nan ne yawancin yara ke zubar da maki. Yanzu 39 da 25 sun zama 64, wato (x + 5)² = 64. Tunda 8 sau 8 ne 64, x + 5 = 8, x = 3. Al-Khawarizmi a nan ya tsaya, don bai lissafa lambobin ƙasa da sifili. Ke kuwa mai gyaran takardarki zai nemi ta biyun: x + 5 = −8, x = −13.

Filin mita murabba'i 90 ɗin ma haka zai faɗo: rabin 4 shi ne 2, ƙara 4 kowane ɓangare, (x + 2)² = 94. Tushen 94 ya kusa 9,7, faɗi wajen mita 7,7.

In da lamba a gaban x², kamar 2x², raba komai da ita tukuna. Delta ɗin nan da kuke haddacewa, b² − 4ac, daga wannan cikon ya fito: yi wa ax² + bx + c abin da muka yi yanzu, za ki ga ya ɓullo da kansa.