In Bar Tallafin Karatuna In Koma Legon?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni ɗaliba ce daga Aboabo, ina shekara ta biyu ina karatun shari'a a jami'ar KNUST da ke Kumasi. Wata gidauniya ce ke biya mini kuɗin makaranta da na ɗaki, har da ɗan abin kashewa, bisa sharaɗin in ƙarasa a nan Kumasi kuma kada makina ya faɗi. Mahaifina ya rasu, mahaifiyata koko da ƙosai take sayarwa. Yanzu kawuna na Nima, mai sayar da kayan mota a Abossey Okai, ya ce in nemi Jami'ar Ghana da ke Legon in dawo Accra, zai ɗauki nauyina, wai manyan lauyoyi da alƙalai can suka fito. Ni ma raina ya biya. Amma in na tafi, tallafin ya tafi. Yaya zan yi?

*'Yarki daga Aboabo, Kumasi*

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya saka wa kawu da alheri, don ba kowane kawu ne ke tunawa da marainiya ba. Amma ni dai cewa zan yi ki zauna inda kike.

Digirin da kike yi, na Legon ne ko na KNUST, ba shi ke mayar da mutum lauya a Ghana ba. Bayansa sai an yi horon zama lauya. Shekara da shekaru ta makarantar horar da lauyoyi ta Makola da ke Accra aka riƙa bi, wadda aka kafa a 1958, kuma ƙofarta ta kasance ƙarama. A 2019 mutum 1,820 suka zauna jarrabawar shiga, 128 kacal suka ci. A 2021 kuma ai kin ji labarin ɗalibai 499 da sai da aka yi zanga-zanga, magana ta kai majalisa da kotu, kafin a ɗauke su. Mai duba takardar nan amsarki yake karantawa, ba sunan jami'arki ba. Wadda ta samu shekara huɗu tana karatu hankalinta kwance, ba ta tunanin kuɗin zango mai zuwa, ita ce ke shiga ɗakin jarrabawar da ƙarfinta.

To ki lissafa abin da ke gabanki. Shekara biyu da suka rage na digiri, ga horon zama lauya bayansa, sannan wata shida na koyon aiki a ofishin babban lauya, inda abin da ake ba ki da ƙyar ya ishe ki kuɗin motar haya ta trotro. Kawu ya yi alkawari da zuciya ɗaya, na yarda. Sai dai kasuwar kayan mota da dala take tafiya. Ranar da sidi ya faɗi, ko kaya suka maƙale a tashar jirgin ruwa ta Tema, kuɗin makarantar 'ya'yansa zai fara biya, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Gidauniya takarda kuka sa wa hannu. Kawu kuwa ba ki da bakin da za ki tuna masa. Kada ki saki reshe ki kama ganye.

Akwai kuma abin da 'yan mata ba sa faɗa sai sun shiga. Zama gidan dangi a Nima ba zaman ɗakin ɗalibai ba ne. Ke ce za ki tashi da asuba ki tara ruwa in famfo ya kawo, ke ce za ki duba aikin gida na yara, ranar suna ko biki ke ce a bakin tukunya. Matar kawu ba muguwa ba ce, haka zaman gida yake. Littafin dokar filaye kuwa ba ya karantuwa da ƙarfe goma sha ɗaya na dare bayan wanke-wanke.

Maganar kawu ba ta rasa gaskiya ba. Legon ce tsohuwar tsangaya, Kotun Ƙoli na Accra, manyan ofisoshin lauyoyi ma can suka fi yawa, kuma sanayya tana aiki a sana'ar nan, duk wanda ya ce miki ba ta yi bai faɗa miki gaskiya ba. Amma sanayyar ana samunta ba tare da an canza makaranta ba. Dogon hutu ya zo, ki rubuta wa ofisoshin lauyoyi a Accra ki nemi zaman koyon aiki na wata biyu, ki sauka gidan kawu. Nan Kumasi ma akwai Babbar Kotu, Kotun Ɗaukaka Ƙara tana zama, kuma makarantar Makola tana da reshe a cikin KNUST. Ki riƙa shiga kotu kina sauraron shari'a ranar da ba ki da darasi, kyauta ne.

In har zuciyarki ta ƙi kwanciya, kada ki ajiye komai sai kin riƙe takarda biyu a hannu. Ta farko daga Legon, mai cewa an ɗauke ki kuma a wane aji, don tsarin lissafin maki na KNUST daban yake da na Legon, kuma in aka ce ki koma ajin farko kin yi asarar shekara biyu. Ta biyu daga gidauniyar, mai cewa ko tallafin zai iya bin ki. Ki tambaye su a rubuce, cikin ladabi.

Shi kuwa kawu, kada ki ce masa a'a ta waya. Ki sa mahaifiyarki ta yi masa magana, ku gode masa, ku roƙe shi kuɗin da ya yi niyya ya fara ajiye miki su don kuɗin horon zama lauya, tunda can ne tallafin gidauniya zai ƙare.