Me ya sa ake yankar ƙanenka haraji a Amurka?

Malam, in na fahimta, ƙanenka ya tashi daga nan Damagaram da bizar karatu ta F-1, yana aiki a laburaren jami'arsu, ana yanke masa haraji, amma abokinsa ɗan Sin ba a taɓa albashinsa.

Ba cuta ba ce. Sin tana da yarjejeniyar haraji da Amurka, wadda ta yafe wa ɗalibanta dala 5,000 na albashi a shekara. Nijar ba ta da irinta, don haka kada ƙanenka ya wahalar da kansa da fom 8233, na masu yarjejeniya ne.

Amma ya duba takardar albashinsa layi-layi. In ya ga Social Security da Medicare (harajin fansho da na inshorar lafiyar tsofaffi), wato kashi 7.65 cikin ɗari, a nan ne kuɗinsa ke zuba. Mai F-1 ba ya biyan su a shekarunsa biyar na farko, muddin aikin da izini ne. Ya fara neman kuɗin wurin masu biyansa albashi. In sun ƙi, sai fom 843 na neman a maido kuɗi zuwa IRS, hukumar harajin Amurka.

Wurin da yaranmu suka fi faɗawa rami shi ne cike fom 1040 na mazauna ƙasa, don kawai manhajar cike haraji ta nuna za a maido musu da kuɗi mai tsoka. Na ƙanenka 1040-NR ne, na waɗanda ba mazauna ba, haɗe da fom 8843 mai nuna matsayinsa na ɗalibin waje, kafin 15 ga Afrilu. Wasu jihohin ma da nasu harajin daban.

In ya riga ya aika fom ɗin da ba shi ba, ko ya haura shekara biyar a Amurka, ya je ofishin ɗaliban waje na jami'arsu su haɗa shi da masanin haraji.