Ɗage gira ko ɗage fuska gaba ɗaya?

Tambaya: Anti barka da aiki. Shekarata 27, kullum sai an ce min "lafiya kika ɓata rai?" alhali ba abin da ke damuna, girata ce kawai ta sauko kan ido. Ina son tiyata amma na rasa wanne zan zaɓa, ɗage gira ko a ɗage fuskar duka tunda dai wuƙa ɗaya ce.

Amsa: Ƙanwata ai ba wuƙa ɗaya ba ce. Ɗage fuska aikinsa ƙasan fuska ne, kumatun da suka zubo, gefen haɓa da wuya. Ta gaban kunne ake yanka a zagaya bayansa, a ja naman da ke ƙarƙashin fata sannan a rage fatar da ta yi yawa. Girar da ke damunki tana nan inda take. Kuma a shekara 27 don Allah me za a ja? Yawancin masu yinsa sun haura 40, kuma bayan kamar shekara 10 fata ta sake saki, kin ga tun da wuri kin ɗora wa kanki zaryar ɗakin tiyata.

Ki tsaya gaban madubi, ba kyamarar gaban waya ba, ita wannan in ta matso kusa har kamanni take canja wa mutum. Saki goshinki, sa yatsa saman wutsiyar gira ki ɗaga kaɗan. In nauyin idon ya tafi, to girar ce. In bai tafi ba wataƙila fatar idon ce da kanta, shi kuma aikinsa daban, likitan ido ya kamata ya fara gani.

Ko da girar ce ni dai ba zan ce ki fara da wuƙa ba. Allurar Botox, mai sassauta tsokar fuska, tana ɗaga wutsiyar gira kaɗan, wata 3 zuwa 4 ta sake ki, in ba ki so yadda kika koma ba sai ki yi haƙuri ta wuce. Tiyata fa ba ta wucewa. Ana yin ƙananan yanka ne a cikin gashi a zura siririyar kyamara, tabon ba ya cika nunawa, amma goshi kan ƙara faɗi, fatar kai ta yi dindiris na watanni, gashi ya zube a bakin yankan, kuma akwai jijiyar da ke motsa gira wadda in aka taɓa ta gefe ɗaya sai ya ƙi ɗagawa. In an ja da yawa kuma, maimakon "kin ɓata rai" sai a koma tambayarki me ya ba ki mamaki.

In jikinki na yin tabo mai kumburi, irin wanda ke tsirowa bayan hujin kunne, ki gaya wa likita tun ranar farko. Mai shan sigari ko shisha sai ta daina aƙalla sati 4 kafin aiki, don nikotin na hana ciwo warkewa. Sannan ki nemi ganin hotunan waɗanda likitan ya yi wa aiki masu shekarunki da launin fatarki, hoton bayan shekara guda, ba na sati 2 ba.