Me ya sa dokar farashin insulin ba ta shafi mijina ba?

Tambaya: Malam, muna zaune a jihar Colorado ta Amurka. Mijina na fama da ciwon suga. Na ji cewa jiharmu ta ƙayyade kuɗin insulin, amma har yanzu muna biyan fiye da dala 100 duk wata. Ina gizo ke saƙa?

Amsa: Allah ya ba maigida lafiya, Hajiya. Gaskiya kika ji. A 2019 Colorado ta zama jiha ta farko da ta hana a karɓi fiye da dala 100 a wata daga aljihun mai inshora don insulin. Sai dai dokar jiha tana aiki ne kan inshorar da jiha ke sa wa ido. Manyan kamfanoni da yawa su ke biyan kuɗin jinyar ma'aikatansu da kansu, kuma irin wannan tsari yana ƙarƙashin dokar tarayya ta ERISA ta 1974, jiha ba ta da hannu a ciki. Wannan giɓi yana damuna ƙwarai, domin mai ciwon suga ba ya hutu da allura.

Ku tambayi ofishin ma'aikata a wurin aikinsa wane iri ne inshorarsa. In ya kai shekara 65 ya shiga Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya don tsofaffi, tun 2023 dala 35 ce iyakar abin da zai biya a wata kan kowane nau'in insulin. Kada ya rage allura don tsimi.